Ƙara wa Keken Lantarki na Hawan Dutse Nisan Zango: Lissafi Kafin Saye





An nemi in yi magana a kan keken lantarki na hawan dutse, da yadda ake ƙara masa nisan zango kafin batir ya ƙare. Wani zai ce, ina ruwanmu da keken da ake shaƙatawa da shi a tsaunukan Turai? To, batirin da ke cikinsa ɗan'uwan wanda ke cikin wayoyinku ne, da kwamfutocinku, da fitilun sola da ake kawo muku gyara. Babu inda ake wahalar da wannan batir kamar a kan dutse, saboda haka babu inda halinsa yake fitowa fili kamar can. Abin da nake so mu tashi da shi yau shi ne, nisan zango lissafi ne tun kafin ya zama saye. Wanda ya iya lissafin yakan tarar rabin abin da yake nema yana ƙafarsa da babban yatsansa, sauran rabin kuma ya san irin batirin da zai ƙara ba tare da ya ƙona gida ba.

Asalin abin a taƙaice

A 1991 kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyam mai caji, wanda aikin ƙirƙiro shi ya kai John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino ga kyautar Nobel a 2019. A 1993 Yamaha ya fito da keken da injinsa ke taimakon mai tuƙi gwargwadon yadda ya taka feda. Da dabarun nan biyu suka haɗu, nauyi ya ragu har aka fara tunanin hawa dutse da irin wannan keke. A 2010 kamfanin Haibike na Jamus ya nuna keken dutse mai injin Bosch, kuma a 2019 aka yi gasar duniya ta farko a Mont-Sainte-Anne ta Kanada, inda Alan Hatherly ɗan Afirka ta Kudu ya lashe ta maza, Nathalie Schneitter 'yar Suwizalan ta lashe ta mata.

Ku lura, wannan ba babur ba ne. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce ƙarfin injin na yau da kullum kada ya wuce wat 250, ya janye hannu da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa, kuma taimakonsa ya biyo bayan taka feda. Ke nan kullum ƙarfi biyu ne ke tura keken, na mutum da na batir. Ku riƙe wannan, don a kansa lissafinmu zai tsaya.

Abin da ke cikin batir

In aka buɗe kwanson batirin, abin da za a gani shi ne jerin ƙwayoyi masu siffar gwangwani, kowace faɗinta milimita 18, tsawonta milimita 65, ko kuma sabbin da suka fi kauri, milimita 21 da 70. An liƙa su da siraran ƙarfen nikel da aka yi wa walda ɗigo-ɗigo. A gefe akwai ɗan allo mai ƙananan wayoyi da suka ratsa zuwa kowane rukuni. Shi ne mai gadin batir, yana auna cikar kowane rukuni da zafinsa, yana yanke wuta in abu ya wuce gona da iri. Kowace ƙwaya tana da bolt 3.6, in ta cika ta kai 4.2. An jera goma bi da bi, an sami batirin da ake kira mai bolt 36, wanda cikarsa 42 ce. An jera 13, an sami mai bolt 48, cikarsa 54.6.

Ma'aunin abin da batir ke ɗauke da shi shi ne wat-awa: a ninka bolt da amfiya-awa. Batir mai bolt 36 da amfiya-awa 14 yana da wat-awa kusan 500. Manyan kekunan dutse na yanzu suna zuwa da 625, ko 750, ko 800. Marasa nauyi suna zuwa da 320 ko 360. In mai sayarwa ya ce muku wannan batir yana kai kilomita kaza, ku tambaye shi wat-awa nawa ne, don kilomita a kan kwalta daban, kilomita a kan dutse daban.

Harajin da dutse ke karɓa

Masu hawan tsaunukan Alps ba sa auna tafiyarsu da tsawon hanya sosai. Suna aunawa da yawan mitar da aka hau sama, kuma suna da hujja. Ga lissafin, ɗalibai ku rubuta.

A ce mai tuƙi kilo 75 ne, keke kilo 25, jimla 100. Ɗaga kilo 100 sama mita 1,000 yana cin wat-awa 272. Wannan ba ra'ayin kamfani ba ne, nauyi ne aka ninka da jan ƙasa aka ninka da tsayi, babu ragi babu ciniki. Abin tambaya kawai shi ne, wa zai biya, ƙafa ko batir?

Ku ɗauki injin Bosch Performance Line CX da ya yi shekaru yana cikin kekuna da yawa. A matakin taimako mafi ƙanƙanta, wanda suke kira Eco, injin yana ƙara kashi 60 cikin ɗari a kan abin da ƙafa ta bayar. A mafi girma, Turbo, yana ƙara kashi 340. Ma'ana, a Turbo injin ne ke ɗaukar kusan kashi 77 na aikin, wato wat-awa 210 daga cikin 272 ɗin nan. Inji kuma ba ya mayar da duk wutar da ya sha ta zama tafiya, wani ɓangare yana tafiya a zafi. In muka ƙaddara yana cin moriyar kashi 80, batir zai biya kusan wat-awa 260. A Eco kuwa, rabon injin wat-awa 102 ne, batir ya biya kusan 128. Tudu ɗaya, keke ɗaya, mutum ɗaya, amma bambancin ya haura wat-awa 130 a kowace mita 1,000. Wanda ya hau mita 2,000 a yini, bambancin ya kai 260 da ɗoriya. Ƙaramin batirin ƙari da Bosch ke sayarwa wat-awa 250 ne. Kun ga ke nan maɓallin sauya mataki da ke ƙarƙashin babban yatsa ya fi shi auki, kuma ba a biyan ko kwabo. Sannu-sannu kwana nesa.

Wannan lissafi bai haɗa da jan taya a kan tsakuwa da laka ba, bai haɗa da iska ba, don haka abin da za a kashe a zahiri ya fi haka. Amma ƙashin bayan maganar yana nan yadda yake.

Wani zai ce, to in an gangaro, ba sai injin ya mayar da wutar ba? A yawancin kekunan dutse injin yana tsakiya ne, wajen feda, kuma tayar baya tana da firiwil, in ana gangara sarƙa ba ta juya injin. Abin da aka kashe a hawa ya tafi ke nan, birki ne ke mayar da shi zafi.

Ƙarin da ba a saye

Kafin a kai hannu aljihu akwai abubuwa huɗu da za a duba.

Na farko giya. Injin tsakiya yana tura keke ta sarƙa ne, kuma ya fi jin daɗin aiki in feda na juyawa da sauri cikin sauƙi. Mutumin da ya bar keke a giya mai nauyi, yana murɗa feda da ƙyar a kan tudu, injinsa na shan wuta da yawa yana ba da tafiya kaɗan, sauran yana zama zafi. A sauko da giya tun kafin tudu ya kama, a bar ƙafa ta yi ta wulwulawa.

Na biyu taya. Taya mai manyan haƙora da roba mai danƙo tana riƙe dutse, amma tana shan batir a kowane juyi. Iska ma da ƙa'idarta: in ta yi ƙasa, taya na lanƙwashewa tana jan keke baya, in ta yi yawa a kan hanya mai gargada, keke na ta tsalle, ƙarfi na zubewa.

Na uku gyara. Birkin da ke gogar faifai ko da kaɗan ne, da sarƙar da ƙura ta busar, da bori da ya ci, duk ɓarayin wuta ne. Iyayenmu masu gyaran keke sun fi ni sanin wannan. A ɗaga taya a juya ta da hannu, kunne zai faɗi gaskiya.

Na huɗu gudu. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninki take yi. Daga kilomita 25 a awa zuwa 35, abin da iska ke ci a kowace kilomita ya kusa ninka biyu. Masu saka 'yar na'urar da ke yaudarar inji don ya wuce iyakar gudu suna karya doka a Turai, suna zubar da garantin kekensu, sannan su dawo suna kukan batir ba ya daɗewa.

In an duba waɗannan zango bai isa ba, to yanzu maganar saye ta taso.

Hanyoyi uku na ƙari

Hanya ta farko ita ce ƙaramin batirin ƙari na kamfanin da ya ƙera injin. Siffarsa kamar gorar ruwa, kuma a mazaunin gorar ake ɗora shi, a kan bututun firam. A zura shi ya zauna, a ɗaure da maɗaurin roba don kada girgiza ta cillar da shi, a ɗauko gajeriyar wayarsa a soka a ramin da ake caji, a murɗa ta kulle. Da an kunna keke, allon da ke kan hannu zai nuna jimlar ta ƙaru. Specialized ya yi haka da kekensa Turbo Levo SL a 2020: wat-awa 320 a ciki, 160 a gora, jimla 480. Orbea Rise ya fito da 360 a ciki da ƙarin 252. Injin TQ da ke cikin Trek Fuel EXe yana da 360 da ƙarin 160. Bosch ya kawo nasa, PowerMore 250, a 2023, nauyinsa wajen kilo 1.5.

Mutane kan ce ai nauyin ƙarin zai cinye amfaninsa. Mu koma lissafi. Ɗaga kilo 1.5 sama mita 2,000 wat-awa 8 ne da 'yan kai. An kawo 250, an biya abin da bai taka kara ya karya ba. Asarar gaskiya a wani wuri take: an rasa wurin ruwan sha, sai a goya shi a jaka, kuma kuɗin kowace wat-awa a ƙaramin batir yakan fi na babba tsada.

Akwai dalilin da ya sa adadin 160 yake yawan fitowa. Ƙa'idar jiragen sama ta yarda fasinja ya riƙe batirin litiyam har wat-awa 100 a jakar hannu, daga 100 zuwa 160 sai da iznin kamfanin jirgi, abin da ya haura 160 kuwa ba ya shiga kayan fasinja. Babban batirin keke ba ya hawa jirgi tare da mai shi, amma ɗan ƙaramin nan mai 160 yana iya samun shiga.

Hanya ta biyu ita ce batir na biyu cikakke. Wasu kekuna an ƙera su da mazauni biyu. Tsarin DualBattery na Bosch yana haɗa 625 biyu ya ba da 1,250. In babu mazauni, sai a goya shi a baya a sauya a hanya. Batir mai wat-awa 750 ya haura kilo 4. Ku yi tunanin wannan ƙarfe a gadon bayan mutum ranar da ya faɗi a kan dutse. Shi ya sa ake ɗinka jakunkuna na musamman masu matashin kare ƙashin baya da aljihun da ke riƙe batir kada ya motsa.

Hanya ta uku ita ce mafi araha, kuma ita aka fi mantawa: a ɗauki caja. Caja mai amfiya 4 ba ta kai kilo ɗaya ba, kuma a batir mai bolt 36 tana zuba kusan wat-awa 150 a awa guda in batirin ya yi ƙasa. A Austriya da Suwizalan da arewacin Italiya, masaukai da yawa na kan tsauni suna da wurin caji. Mutum ya zauna cin abincin rana, kafin ya tashi ya samu abin da ya kusa kai gorar Specialized.

Haɗin gida

Yanzu na zo inda maganar ta fi shafarmu. Na san a ɗakin nan akwai masu hannu, waɗanda in sun ga farashin batirin kamfani za su ce, ai wannan ni ma zan haɗa. Ba na raina gwanintarku. Amma ga abin da ke jiran wanda ya haɗa batir biyu kai-tsaye, ja da ja, baƙi da baƙi.

Ku ɗauki duro biyu na ruwa, ɗaya cike, ɗaya rabi, ku haɗa gindinsu da tiyo mai faɗi. Ruwa ba zai jira a buɗe famfo ba, zai kwarara daga cikakken zuwa ɗayan da dukan ƙarfinsa. Haka wuta take yi. A ce batir ɗaya yana kan bolt 42, ɗayan yana kan 36. Bambanci 6. Turjiyar cikin batiran da wayoyinsu ba ta da yawa, a ce om 0.2. A raba 6 da 0.2, an sami amfiya 30. Batirin da aka saba yi wa caji da amfiya 2 ko 4, yau an ɗura masa 30 a lokaci guda, kuma sau da yawa ta ƙofar da wuta ke fita, inda mai gadin wasu batiran ba ya tsare shigowa. Waya ta yi zafi, filogi ya narke, ƙwayoyi su ji rauni a ciki, raunin da ido ba ya gani.

Maganin wannan a kekunan da aka haɗa da kayan kasuwa shi ne na'urar haɗi mai barin wuta ta fita daga kowane batir zuwa inji, ta hana ta komawa cikin ɗan'uwansa. Tare da ita, dole batiran su zama masu jeri ɗaya, 36 da 36 ko 48 da 48, kowane da mai gadinsa, kowane da fis kusa da bakinsa, waya mai kaurin da ya dace, kuma a yi wa kowane caji shi kaɗai. Amma a kekunan Bosch da Shimano da Specialized, ko wannan bai wadatar ba, don inji da batir suna musayar saƙo ta wayoyin bayanai. In injin bai ji amsar da ya sani ba, yakan ƙi tashi ko ya nuna alamar matsala. Masu kewaye wannan shinge suna kewaye mai gadi ne.

Sai maganar ƙwayoyi. Za ka ga teburin mai gyara da tulin ƙwayoyin da aka ɓare daga tsofaffin batiran kwamfuta, shuɗi da kore da ja, yana auna su da mita, duk wadda ta nuna bolt 4 ya jefa ta gefen masu kyau. Bolt ba ya faɗin lafiyar ƙwaya. Wata za ta nuna 4 alhali rabin cikinta ya mutu, da an ɗora mata kaya ta durƙushe ta yi zafi. A fitila mai shan wuta kaɗan ana iya tsira. A injin da ke jan amfiya 15 ko 20 a kan tudu, rukunin da ya fi rauni shi ke fara ƙarewa, shi ke fara cika, shi ke fara ƙonewa. Haka nan ɗora dalma da ƙarfe mai zafi a kan ƙwaya yana gasa cikinta. Walda ɗigo-ɗigo ake yi. Kuma a kula da caja: ta batir mai bolt 48 tana fitar da 54.6, in bakinta ya shiga batir mai cikar 42, rabon kowace ƙwaya ya doshi 5.5 alhali iyakarta 4.2, sai in mai gadi ya tare.

In ƙwaya ɗaya ta kama, tana zafafa maƙwabciyarta, ita ma ta kama, haka har jerin ya ƙare, da hayaƙi mai guba da wuta mai iya sake tashi bayan an zaci ta mutu. A 2023 mutum 18 suka rasu a birnin New York sanadiyyar gobarar batiran litiyam, kuma a shekarar ce birnin ya hana sayar da keken lantarki da batirinsa sai sun cika ƙa'idojin gwaji na UL 2849 da UL 2271. Araha ba ta ado.

Zafi da sanyi da tsufa

Batirin da ke hannu ma ana ƙara masa zango ta hanyar hana shi tsufa da wuri. Batir mai 625 da ya koma kashi 80 na ƙarfinsa ya zama mai 500, an yi asarar 125 ba tare da an je ko'ina ba. A Alps sanyi ne abokin gaba: yana rage abin da batir ke bayarwa, kuma caji a ƙasa da digiri sifiri yana lalata ƙwayoyi, don haka sukan shigar da batir ɗaki ya ɗumama tukuna. A wurinmu akasin haka ne. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40 a inuwa, kuma babu abin da ke tsofar da litiyam kamar a bar shi cike maƙil a cikin zafi. Kada a bar batir a rana ko a cikin mota rufe. In an dawo daga tafiya a bar shi ya huce kafin caji. In za a ajiye shi makonni, a bar shi tsakanin kashi 30 zuwa 60. A yi caji da cajarsa ta asali, ido na gani, ba cikin dare ana barci ba, ba kuma a zaure ko bakin ƙofar da iyali za su bi su fita ba. Batirin da ya kumbura, ko ya faɗi ya fashe, ko ruwa ya shige shi, ya gama aiki.

Kammalawa

Saboda haka, ranar da wani ya turo muku keke ya ce a ƙara masa batir, kada ku fara da almakashi da waya. Ku zaunar da shi ku tambaye shi: wat-awa nawa ke cikin wanda kake da shi, kuma shekararsa nawa? Mita nawa kake hawa a yini? Nawa ne nauyinka da kayanka? A wane mataki kake barin injin? Ku ɗauki biro ku yi lissafin a gabansa. Wani za ku sallame shi da gyaran birki da shawarar giya. Wani caja ce maganinsa. Wanda lissafi ya nuna lallai sai ƙari, ku nemo masa wanda injinsa ya sani, in kuma haɗin kasuwa ne, ku yi shi da na'urar haɗi da fis da sababbin ƙwayoyi masu asali, ko ku ce masa ba za ku yi ba. Kuɗin aikin yini ɗaya ne za ku rasa, amma sunanku da gidan mutumin za su tsira.

Ɗalibai kuma, ga aikin gida: mai tuƙi kilo 90, keke kilo 23, hawa mita 1,500, injin na ƙara kashi 140 a kan ƙafa. Ku fitar mini da abin da batir zai biya, ku ce ko mai wat-awa 500 zai dawo da shi gida.